Jar Alama a Dajin Finlan

Tun da na dawo, duk Juma'ar da na leƙa unguwar Manfuha a nan Riyad sai an tare ni da tambaya ɗaya. Ban gama cire takalmi a ƙofar ɗakin su Isiyaku ba za ka ji wani ya ce, "Ga na ƙasar ƙanƙara nan, a matsa masa." Sai a miƙo shayi, a karɓe wayata a sake kallon hoton nan da nake kan babur ɗin ƙanƙara da hular kwano, na ɗaga babban yatsa kamar wanda ya ci zaɓe. Isiyaku magini, mutumin Maraɗi, shi ya fi kowa naci. Na gaji da cewa "sanyi ne kawai", ku ma kun gaji da ji. To ga shi na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in huta. Sai dai dole in fara da abin da ban taɓa gaya muku ba, don in babu shi labarin ba zai zauna ba.

Ban iya Turanci ba.

A aji huɗu na bar firamare a Kazaure. Ina iya haɗa baƙaƙe in karanta allon hanya, na san kalmomin da duk direba ya sani, iyakar ta ke nan. Ranar da aka kai ni gidan Abu Fahad, dattijon Balaraben da nake wa direba, shekara goma sha ɗaya ke nan, ya tambayi mutumin ofishin da ya kawo ni, "Ɗan Nijeriya ne, ya iya Inglizi?" Mutumin ya ce, "Miya bil miya," wato ɗari bisa ɗari. Ni kuwa na sunkuyar da kai na yi shiru, don ina son aikin. Shirun nan na yi ta kiwo har ya yi ƙiba. A Riyad ba wuya ba ne. Makanikin Indiya da mai shagon Bangaladash duk karyayyen Larabci suke yi, ni ma haka. In tsohon yana kusa sai in yafa "okey" da "tumoro" a kai, ya gyaɗa kai yana jin daɗi.

Babban ɗansa Fahad, wanda ya yi karatu a waje, ina jin ya daɗe da harbo jirgina, amma bai taɓa faɗa ba. Abin da yake faɗa shi ne a sallame ni a kawo matashin da ya san taswirar waya. Kullum uban sai ya ce, "Sulaimanu yana salla, ba ya shan taba, ga Inglizi. Me kuma ake nema?" A kan waɗannan duwatsu uku tukunyata take zaune, kuma ɗaya daga ciki na ƙarya ne. Iƙamata, takardar zama, saura mata wata biyu ta mutu lokacin da maganar tafiyar ta taso, ga 'ya'ya huɗu a gida suna jiran abin da zan turo.

Fahad ne ya shirya tafiyar. Tun rasuwar mahaifiyarsa shekara biyu da suka wuce tsohon ya zama ba ya son fita, daga masallaci sai kujera. Shi ne ya ce a kai shi Finlan ya ga abin da bai taɓa gani ba, ko zuciyarsa ta saki. Tsohon ya ce ya yarda, amma da sharaɗin a tafi da ni, ko ba komai in riƙa yi masa tafinta. Ranar da aka gaya mini kowa a gidan sai taya ni murna yake, ni kuwa ina ta tunanin yadda asirina zai tonu.

Neman biza ya ci mini sahu uku. Na farko hoton bai yi ba, wai na yi murmushi. Na biyu injin ɗaukar yatsu ya ƙi karɓar nawa, sitiyari ya cinye zanen, sai da wani mai gadi ɗan Sudan ya ce in shafa man kai in dawo. Na uku aka karɓa. Fahad ya yi mini takardar fita da dawowa, ya kai ni kasuwa ya saya mini wata rigar sanyi da in na sa ta ba na iya sauke hannuwana.

Muka tashi daga filin jirgin Sarki Khalid a watan Fabrairu, mu shida: Ammi, haka nake kiran tsohon, da Fahad da matarsa da 'yan matansu biyu, sai ni. Kaya kuwa kamar masu ƙaura. Matar Fahad ta ɗauko buhun shinkafa, da tukunyar nan mai huci, da gahawa da dabino kwali biyu. Ta ce ba za a kai ta ƙasar mutane a kashe ta da yunwa ba. Mun yada zango a Istambul awa biyar a kan kujerun ƙarfe, sannan muka wuce Helsinki.

A nan na fara ganin bambancin jan tuwo da fari. Masu fasfon Saudiyya suka wuce sumul, nawa na Nijeriya kuwa jami'in ya juya shi gaba, ya juya shi baya, ya ɗaga shi a fitila. Sannan ya dube ni ya jero tambayoyi. Ban tsinci ko ɗaya ba. Na kama kunnena ina murzawa, na ce da Ammi jirgi ya toshe mini kunne. Fahad ya dawo ya amsa komai, ya nuna takardar aiki da tikitin komawa, aka buga mini hatimi. Da muka wuce ya dube ni ta gefen ido ya ce, "Allah ya ba kunnen lafiya." A wajen kaya kuma wani kare ya zauna daram a gaban jakata, aka buɗe aka kwashe kilishin da ƙanwata ta aiko mini daga gida, wai ba a shiga da nama. Yajin dai sun shinshina, sun yi atishawa, sun bar mini.

Daga nan wani ƙaramin jirgi ya kai mu arewa, garin da ake kira Robaniyemi, muka ɗauki motar haya na tuƙa mu sama da awa biyu zuwa masauki. Kuna ta tambayata yadda sanyin yake. Isiyaku, ka san ɗakin da ake ajiye kaji a bayan babban kanti? To ka shiga can, a rufe, a ce maka nan ne gari. Numfashin farko da na ja a waje sai na ji gashin hancina ya ƙame.

Masaukin gidan katako ne a bakin daji, ciki ɗumi kamar an rufa maka bargo. Abu ɗaya ya burge ni: bayan gidansu akwai 'yar mesar tsarki a jikin bango irin tamu ta nan, butar da na ɗauko tun daga Riyad ba ta yi aiki ba. Akwai kuma wani ɗan ɗaki mai bencina da murhun duwatsu, na ɗauka na shanya ne, na baza wankin Ammi a ciki. Ashe ɗakin gumi ne, nan suke shiga su zauna tsirara su gasa kansu, su fito su kwanta cikin ƙanƙara. Mai gidan da ya zo ya ga singileti a rataye bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba, ya dai kwashe ya miƙo mini.

Haka mutanen suke. Ba gaisuwa, ba ina kwana, ba ina gajiya. Ka yi wa mutum sallama ya dube ka kamar ka taka masa ƙafa. Amma ranar da safar hannuna ɗaya ta faɗi a hanyar shago, washegari na same ta an soke a kan reshe daidai inda ido zai gani. Abinci kuwa baƙin burodi mai tsami, da romon kifi da madara, da dankali safe da yamma. Naman barewarsu ban ci ba, don ban san wa ya yanka ba. Salla ita ta fi wahalar da mu. Rana ba ta fitowa sai wajen tara, ta ɗan leƙo ta kan itatuwa kamar mai jin kunya, kafin ka gama lazimin azahar la'asar ta shiga. Kwana uku na yi ina jigila, daga kai yara wajen karnukan da ke jan keke, sai kai uwarsu kanti, sai dafa wa Ammi gahawa. Duk inda Turanci ya taso Fahad na nan, na fara cewa a raina wataƙila zan tsallake.

Ran na huɗu Fahad ya tafi da iyalinsa gari a tasi, ya ce gobe ya shirya mana hawan babur ɗin ƙanƙara da ɗan jagora, a jere a bi shi. Suna fita Ammi ya ajiye kofi.

"Ni za a jera kamar tumaki?" ya ce. "Ya Sulaimanu, ni da na tuƙa mota a sahara tun babu kwalta? Tashi mu je wajen masu dabbab ɗin nan." Dabbab shi ne sunan da Larabawa suke kiran babur mai ƙafa huɗu da ake hawa a yashin Sumama, a bayan garin Riyad.

"Allah ya ja kwana, da mun jira Fahad."

"Fahad na me? Ba ga ka ba?"

Wannan ne karo na farko cikin shekara biyu da na ga idonsa ya yi haske da son wani abu. Ban iya ce masa a'a ba.

Mai wajen hayar wata mata ce, doguwa, mai furfura. Ta karɓi lasisina ta duba, ta ba mu hulunan kwano da wasu manyan riguna, ta cika wata takarda ta sa a aljihuna. Sannan ta shimfiɗa taswira a kan tebur ta shiga bayani. Ta yi minti goma tana magana. Ta nuna layi a taswirar, ta ɗaga hannun hagu sama, ta sa hannuwa a ka ta yi ƙaho, sannan ta haɗa yatsunta biyu ta gicciye su, ta nuna mini wani hoto a bango: sanda a tsaye cikin ƙanƙara, a kanta an kafa jar alama, katako biyu a gicciye. Ta maimaita har sau uku tana buga tebur. Ni kuwa ina ta "yes, yes".

"Me take cewa?" in ji Ammi.

Na dubi alamar. Tun ina firamare, in malam ya sa maka wannan da jan biro to ka faɗi. A titunan Riyad, in ta kunnu a saman layi to layin a rufe yake. Ban yi kokwanto ko kaɗan ba.

"Ta ce mu yi a hankali, akwai dabbobi. Kuma duk inda muka ga jar alamar nan, mamnu'u ne, ba a bi."

Babur ɗin ba shi da taya. Gaba ƙafafu biyu ne masu sulɓi, baya kuma bel irin na katafila. Da babban yatsa ake danna totur, birki na hagu. Na hau gaba, Ammi ya zauna a baya ya riƙe ƙarfe. Daga harabar hanya ɗaya ce, faffaɗa, an daddaɓe ta, ta bi ta bayan gidaje ta shiga daji. Can da muka yi nisa kaɗan muka fito wani fili fari fat, hanyar ta rabu biyu. Ta dama faffaɗa ce, amma ga jajayen alamun nan a jere a gefenta, ɗaya bayan ɗaya har iyakar ganinka. Ta hagu siririya ce, sawun babur ɗaya tak, babu alama ko ɗaya. Na ce a raina, lalle mutanen nan suna da tsari, dubi yadda suka dage wajen hana mutum bin wancan ɓangaren. Na karya hagu.

Gaskiya minti ashirin ɗin da suka biyo baya sun yi daɗi. Ammi yana dukan kafaɗata yana cewa in ƙara wuta, har waƙar raƙuma na ji yana rerawa a cikin hular. A nan ne muka tsaya ya ɗauke ni hoton da kuke so ɗin nan. Daga nan sawun ya yi ta ƙanƙancewa, itatuwa suna matsowa. Muka zagaya wani tudu, sai ga mu tsundum a tsakiyar garke. Barewarsu ce, masu ƙaho kamar reshen bishiya, sun fi a ƙirga, suna cin ciyawar da aka zuba musu. Ƙarar injin ta firgita su suka watse ta ko'ina, suna nutsewa har ƙirji suna fitowa. Na kauce don kada in buge wata, ƙafar babur ta bar sawun, sai kawai muka kwanta a gefe a hankali, kamar jakin da ya gaji da kaya.

Ba wanda ya ji ciwo. Amma da na miƙe sai na nutse har ƙugu. Na ciro Ammi na zaunar da shi a kan kujerar, na tura, na ja, na tona da hannu, babur ko gezau. Na ciro waya, sanyi ya kashe batir. Ta Ammi tana masauki. Tsohon yana da ciwon suga, na lalubo dabino a aljihu na ba shi, ya daskare kamar tsakuwa, sai da ya jiƙa shi a baki. Gemunsa ya yi fari da ƙanƙara, ya daina magana. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na ce yau in dattijon nan ya mutu a nan, ni na kashe shi.

Mun kai kusan awa ɗaya kafin mu ji ƙarar inji. Wani ƙaton mutum ne mai jan gemu, da kare a bayansa, da igiya a rataye a kafaɗa. Shi ne mai garken. Ya kashe babur ɗinsa, ya dubi sawun dabbobin da suka watse, ya dube mu, sannan ya fara magana da Turanci. Bai ɗaga murya ba, amma ko kurma ya san faɗa ne.

"Me ya ce?" in ji Ammi.

"Yana yi mana sannu. Ya ce zai taimaka."

Mutumin ya yi mini wata tambaya ya tsaya yana jira. Na ce "yes". Ya sake yi, na sake cewa "yes". Ya girgiza kai, ya zaro waya daga cikin rigarsa ta ciki, ya dubi Ammi ya ce, "Arabik?" Ammi ya gyaɗa kai. Ya yi rubutu da yarensa, wayar ta juya shi zuwa Larabci, ya miƙa wa tsohon. Larabcin a karkace yake, amma ana ganewa. Ammi ya karanta a fili, a hankali, haƙoransa suna haɗuwa:

"Me ya sa kuka bar hanya? Jar alama ita ce hanya. Nan ba hanya ba ce, wurin cin dabbobina ne. Suna da ciki. In suka yi gudu a wannan ƙanƙara suna zubarwa."

Ya gama ya riƙe wayar bai ɗago ba. Can ya ce, "Ya Sulaimanu, tambaye shi nisan masauki daga nan."

Na buɗe baki. Na san "hom", wato gida, na san "kilomita", ban san yadda ake ɗaura su ba. Mutum biyu da kare suna kallona. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa shekara goma sha ɗaya na yi ina tafiya a ciki, ranar na taɓo bango.

"Ammi, ban iya ba."

"Sanyi ne ya kama maka baki?"

"A'a. Ban taɓa iyawa ba. Tun ranar farko."

Ammi ya miƙa wa mutumin wayarsa.

Makiyayin sunansa Anti. Ƙato da gemu har ƙirji amma Anti, da a wata rana ce da na yi dariya. Ya ɗaura igiya ya fizgo babur ɗinmu cikin minti biyu, ya ɗauki Ammi a nasa, ni na bi su a baya. Ya kai mu wata bukkar katako, ya hura wuta, ya dafa baƙin kofi a wata tsohuwar buta, ya cire wa Ammi takalmi ya murza masa ƙafa da hannunsa. Duk wannan fuskarsa a murtuke. Su biyu suka yi ta hira da waya, wannan ya rubuta ya miƙa, wancan ya rubuta ya miƙo. Ammi ya nuna masa hoton raƙumansa, Anti ya daɗe yana kallo. Ni ina bakin ƙofa da kofi a hannu, tafintan da aka ɗauko tun daga Riyad, ba wanda ya neme ni.

Da yamma wani jami'in kula da daji ya zo masauki, Fahad ya ji da shi, aka rubuta mukalafa, wato tara, da sunana. Bayan ya tafi Fahad ya ciro takardar da matar nan ta sa mini a aljihu ya karanta mana dokokin da Larabci, yana yi yana dubana. Ashe takardar izini ce ta bin hanyoyin babur a dajin gwamnati. Hular kwano dole. Hannun dama ake bi kamar mota, kada a wuce sittin, in za ka tsaya ka ɗaga hannun hagu don na baya. In ka ga dabba ka sassauta ka ba ta hanya. Babba a cikinsu kuwa, kada ka bar layin jajayen alamu ko da taku ɗaya, don ƙarƙashin farin nan akwai 'ya'yan itatuwa da aka dasa, akwai ƙoramun da ƙanƙararsu ba ta yi ƙwari ba, akwai abincin dabbobi. Makiyaya ne kawai aka yarje wa su bi ko'ina da inji saboda aikinsu, sawun Anti na bi. Abin mamaki, da ƙafa kowa yana iya shiga dajin ya yi yawo inda ya so, ba mai tambayarsa. A Sumama in ka hau dabbab duk inda hancinka ya nuna hanya ce. A gida kuma shanu ake tsarewa a burtali don kada su shiga gona. Can mutum ne a burtali, dabba ke da daji. Ni da na taso ina ganin rigimar da ake yi in saniya ɗaya ta kauce, ni ne na zama saniyar.

Sauran kwana ukun ban san yadda suka wuce ba. Ammi bai sake hawa komai ba, bai kuma yi mini magana ba sai "kawo", "ɗauke". Fahad bai yi mini gori ba, hakan ma ya fi ciwo. A jirgin dawowa ban runtsa ba, ina ta lissafin yadda zan gaya wa uwar yarana. Muka sauka Riyad, zafi ya bugi fuskata, na ce ko ba komai a kore ni a inda jinina ke gudu.

Kwana takwas da dawowa, muna hanyar gida daga sallar la'asar, Ammi ya ce in gangara gefen titi in tsaya. Na tsaya. Na san maganar sallama ce, har na shirya godiyar da zan yi.

"Ranar da Ummu Fahad ta rasu," ya ce, yana kallon gaba. "Kana tune?"

Ina tune. Tana ɗakin masu jinya ta musamman, Fahad yana Dammam wajen aiki, ni da Ammi ne kawai a baranda tun safe. Bayan la'asar wata nas 'yar Filifin ta fito ta same mu, ta yi magana mai tsawo da Turanci, tana dubansa tana dubana. Kalma biyu na tsinta a ciki, "gida" da "yau". Na ga tsohon ya galabaita, sai na ce masa ta ce ya je gida ya huta yau, mai jiki tana barci. Muka tafi. Ba mu daɗe da shiga gida ba, kafin magariba, waya ta yi ƙara.

"Me nas ɗin nan ta ce?"

"Wallahi, Ammi, ban sani ba."

Motoci suna wucewa ta gefenmu. Da ya zage ni, ko ya ce in sauka in ba shi makulli, da na fi samun sauƙi.

"Fahad ya samo wani direba," ya ce. "Na ce masa a'a. Gobe za a sabunta maka iƙama."

Na fara godiya, ya ɗaga hannu.

"Ba don kai ba ne. Na aika asibitin, matar ta koma ƙasarsu tun bara. Duk duniya kunnenka kaɗai maganar nan ta shiga. Za ka koyi Inglizi, ni zan nemo malami. Wataƙila wata rana ka tuna."

To, 'yan'uwa, tafiyar ke nan, wanda ya so ya ci gaba da kallon hoto. Shi ya sa kuke gani yanzu ba na daɗewa a Manfuha, ina sallar Juma'a sai in ce zan koma. Wani malami ɗan Gana ke zuwa ɗakina sau uku a mako, da furfurata ina bitar abin da 'yata ta aji uku ta wuce. Na koyi kalmomi da dama. Na kuma koyi cewa suna da wata 'yar ƙaramar kalma da ake sakawa a gaban magana ta juya ta gaba ɗaya, "je ka gida" ta koma "kada ka je gida". Na yi ta juya ranar nan a kaina ko zan ji ta a bakin nas ɗin, wani lokaci in ji kamar akwai, wani lokaci babu. Kullum da safe in Ammi ya shiga mota sai ya dube ni kafin ya rufe ƙofa. Ni kuma sai in sunkuya in tada mota.